TARIHIN RIƘON TSOFAFFI A ƘASAR MADARUNFA



A taron ƙungiya da ya wuce, sa'ad da aka kawo maganar tara gudummawa don a gina ƴan ɗakuna inda za a riƙa kula da tsofaffin da ba su da mai riƙonsu, gardama ta tashi har muka kusa rasa jam'in la'asar. Wani dattijo cikin iyayenmu ya ce shi a saninsa Bahaushe ba ya kai uwarsa gidan ajiya, wannan al'adar Nasara ce, kuma ran da aka aza harsashin ginin nan an shaida wa duniya ke nan ɗiyan Madarunfa sun gaza. Samari suka ce, "Baba, ai ba uwar kowa ake nufi ba, waɗanda ba su da kowa ake nufi, kuma duk mun san ƙofofinsu." Aka watse ba a yanke magana ba. Shugaban ƙungiya ya ce da ni, tun da na daɗe ina koyarwa a lakwal, in rubuta yadda kakanninmu suka riƙe tsofaffinsu, da yadda abin ya yi ta sakewa har ya kawo yau, don kowa ya zo taro na gaba da abin da zai dafa. To, ga abin da ya samu.

Farko dai gandu ne. A ƙauyukan Gulbin Maraɗi da kewayen tafki, mutum yakan zauna gida guda da ɗiyansa maza, da matansu, da jikoki, wani lokaci har da ƙannensa. Babbar gona ta gandu ce, kowa ya yi aiki cikinta kwanakin da aka tsayar, sauran kwanakin ya tafi gamanarsa. Abin da aka girbe a gandu yana shiga rumbun maigida, shi ke buɗewa, shi ke auna wa mata, shi ke yi wa saurayi auren fari. In ƙarfinsa ya ƙare sai ya ajiye hauya, amma gona da rumbu suna nan a hannunsa har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Tsohuwa ita ma tana da ƴan awakinta, tana kaɗi, wata tana ungozoma, kuma ba a barinta ba jika a ɗaki mai ɗebo mata ruwa da itace. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, ƴar'uwarta ko ɗan'uwanta ya ba ta riƙo.

Ina so a lura da wani abu nan, gama shi ne ginshiƙin maganar. Mukan ce mutanen dā sun fi mu tausayi. Wataƙila haka ne. Amma tsohon dā ba da tausayi kaɗai yake ci ba: ƙasa tana hannunsa, saurayi kuwa ba ya da wata hanyar samun gona ko mata sai ta wurinsa. Watau ladabi da buƙata sun haɗu wuri guda.

Ko a wancan zamani akwai waɗanda gandu bai rufe su ba. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Katsina wajen 1807, sarautar Katsina ta dā ta yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya kafa ta a Maraɗi wajen 1819. Daga nan kusan ƙarnin duka ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, watau inda muke zaune yanzu, fagen yaƙi ce da hari. Yaƙi kuwa yana barin gwauraye, da baƙin da aka raba da danginsu, da bayin da suka tsufa a gidan da ba nasu ba. Irin waɗannan ƙofar sarki suke zuwa, da ƙofar liman, da ta masu hali. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu a garuruwan Hausa, masu tsara musu bara da rabon abin da aka samu. Ran Juma'a a yi tuwon sadaka ko a raba gumba. Da kaka, in an kwashe damma, ba a hana tsohuwa shiga gona ta yi kala. Ga kuma ciyayya: akushi ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, ba mai tambayar dalili.

Malamai kuma ba su bar sarakuna sun manta ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaji na Katsina littafinsa Usulus Siyasa, inda ya hore shi da kula da maslahar talakawa, har da sa mutane su yi tanadin abinci. Ko da yake kakanninmu da Dallaji ba sa ga maciji, karatun fiƙihun da ake yi a Katsina shi ake yi a Maraɗi.

Bari in daɗe kaɗan a kan zakka, don a taro an cakuɗa ta da sadaka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, watau wasƙi 5 ko sa'i 300, ana fid da kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa manomi yake ƙirga damma, in ya kai goma ya ware ɗaya. Na ban-ruwa da wahala, ɗaya cikin ashirin. Waɗanda ake ba su iri takwas ne, an jera su cikin Suratut Tauba, fakirai da miskinai su ne a gaba. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai hukunci biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, mutum ba ya ba iyayensa matalauta zakkarsa, don ciyar da su wajibi ne a kansa daga cikin dukiyarsa in yana da hali. Nan dattijonmu yana da gaskiya ƙwarai, kuma duk wanda ya yi niyyar sauke uwarsa a kan ƙungiya ya san ya saɓa. Na biyu, ba a gina gini da zakka, ko da masallaci ne. Ana damƙa ta ne ga wanda ya cancanta. Ashe ke nan zakkar hatsi tana iya cika cikin tsohon da ba ya da kowa, amma tubali da kwano da rijiya sai daga sadaka, ko hubusi, watau mutum ya tsayar da gona ko fili saboda Allah, ba a sayarwa ba a gado. Liman zai fi ni bayanin wannan.

Sai Turawa suka zo. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 da 1906 ta ja iyaka tsakaninmu da Katsina, dangi suka wayi gari wasu na Faransi wasu na Ingilishi. Dokar 1905 ta hana bauta. Aka sa bodo, kuma da kuɗi ake biyansa, ba da dame ba. Tun ba a gama sabawa ba sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Tsofaffin da muka taras muna yara, su ma daga iyayensu suka ji, amma in sun zo kanta sai murya ta yi ƙasa. Masu ƙafa sun yi kudu neman abinci. Wanda ba ya iya tafiya, an san abin da ya same shi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi nata tanadin. Tun 1910 ta kafa ƙungiyoyin tanadi a ƙasashenta na Afirka ta Yamma, bayan yunwar 1931 kuma ta matsa a Nijar cewa kowane gari ya yi rumbun tsimi, kowane magidanci ya zuba hatsi, ba a buɗewa sai da izinin kwamanda. A takarda shawara ce mai kyau. Amma da tilas aka yi ta, gardi na tsaye, mutum yana ganin hatsinsa a rufe yana kwana da yunwa, wani lokaci a buɗe a taras ƙwari sun cinye ko mudu ya ragu. Jama'a suka ƙi abin ƙi na gaske, har ƴan siyasar farko bayan 1946, shekarar da aka soke aikin dole, suka sa shi cikin abubuwan da suke kuka da su. Ina jin har yau akwai ɓurɓushin wannan a zukatanmu: da an ce a tara, sai Bahaushen nan ya fara tambayar wa zai riƙe makulli. Tambayar kuwa tana bisa hanya.

Abin da ya karya gandu bai zo da bindiga ba. Gyaɗa ce da kuɗi. A shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ta yi daraja, alhazan Maraɗi suka taso, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Saurayi ya ga zai iya noma gamanarsa ya sayar, ya biya bodonsa, ya yi aurensa, ba sai ya jira uba ba. Gonaki suka shiga rabo tun uba na da rai, daga baya suka shiga jingina da sayarwa. Jama'a ta yawaita, daji ya ƙare. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 400,000 a yankin Madarunfa kaɗai, gonar da ta ciyar da gida guda ta koma ta gida biyar. Shi ke nan sai ci-rani, da fari Katsina da Kano da Legas, daga baya Agadas da Libiya da Aljeriya da ramukan zinariya. Wani ya aiko, wani ya yi shiru shekara da shekaru, wani ya mutu a hanya.

A cikin wannan zamani ne aka fara ganin gidan kula da marasa ƙarfi a ƙasarmu, nan Danja, bisa hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a can a 1956, da kuɗin da jama'ar coci-coci na ƙasashen waje suke tarawa. Mutanen da cuta ta raba da garuruwansu suka zo suka zauna, waɗansu nan suka tsufa. A 2012 aka ƙara asibitin matan da ke fama da yoyon fitsari. Na kawo Danja ne don masu cewa irin wannan abu baƙo ne gare mu. Shekara kusan 70 ke nan muna wucewa ta gabansa cikin mota, kuma ƴan'uwanmu ne a ciki, wasu can nesa ke biya.

Bayan mulkin kai na 1960 gwamnati ta kafa asusun ma'aikata, CNSS, a 1965. Mai albashi yana da fansho. Manomi, da masunci a bakin tafki, da mai dakau, ba su cikin lissafi, su ne kuwa kusan dukanmu.

Farin 1973 zuwa 1974 da idona na gan shi. Aka kawo jar dawa daga Amurka, aka yi ta maganar inda taimakon ya maƙale, har soja suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya ce yunwa na cikin dalilansu. Shi ya farfaɗo da samariya. Duk abin da za a faɗa a kan zamanin nan, na tuna samari suna fita da kalangu su noma gonar gayya, su gina aji, su bi gidajen tsofaffin mata kafin damina su gyara musu jinka da danga. Ba a tara ko dala ɗaya ba don wannan aiki. Ƙarfi ne aka tara. Sa'an nan 1984 ta zo, ruwa ya ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyaka tun watan Afrilu ba ta buɗe ba sai 1986, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. A nan muka koyi cewa tsohon da ke dogara da saƙon ɗansa daga Kano, rufe iyaka kaɗai ya isa ya hana shi cin tuwo. Mun sake ganin haka a 2019, muka kuma gani a 2023.

Yunwar 2005 ta jawo idon duniya kan jihar Maraɗi. Likitocin MSF sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar a shekarar, mafi yawa a nan jiharmu, Allah ya saka musu. Amma ma'aunin da suka zo da shi na damtsen yaro ne. Kakar da ta goyo yaron ta kawo shi, ta ba shi rabonta tun watanni, ba wanda ya auna ta. Ban ce laifin kowa ba ne. Ƙasar da rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, masu 60 zuwa sama ba su kai 5 cikin 100 ba, dole hankali ya tafi ga yara. Shirin tallafin da gwamnati ta soma da Bankin Duniya a 2011, wanda da fari ya riƙa ba gidaje matalauta jikka 10 kowane wata har wata 24, gida yake dubawa, tsohon da yake shi kaɗai kuwa sau da yawa ba ya da mai kai sunansa. Tun daga 2019 ga kuma ƴan bindiga a bakin iyaka, ƙauyuka sun tashi, baƙi sun shigo daga Katsina da Zamfara, a cikinsu akwai tsofaffin da aka kashe musu ɗiya. Wa za a ce ya gaza a kan waɗannan?

Abu guda na alheri da ya fito daga ƙasarmu a shekarun nan shi ne Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Adashi ne aka yi wa gyara. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam, akwatin a ɗakin ta huɗu. Dubarar nan daga nan ta tashi ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Abin da kwamanda ya kasa da gardinsa, matanmu sun yi shi da kwaɗo uku.

Game da cewa al'adar Nasara ce, su ma Nasaran ba da ita aka haife su ba. A lokacin sanyin 1839, a garin Saint-Servan na ƙasar Faransa, wata baranya mai suna Jeanne Jugan ta ɗauko wata tsohuwa makauniya da ba ta da kowa, ta kwantar da ita bisa gadonta. Aka kawo ta biyu, aka kawo ta uku. Da abinci ya gaza sai ta ɗauki kwando ta shiga bi ƙofa ƙofa tana bara a madadinsu, don kada su fita da kansu. Daga kwandon nan ƙungiyarta ta girma har ta yi gidajen tsofaffi a ƙasashe da dama. Kuma gidajen ba su raba Faransa da abin kunya ba: a zafin watan Agusta na 2003 mutum wajen 15,000 suka mutu, galibinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗaki. Sai a 2004 suka yi doka kowane ma'aikaci ya yi aikin yini guda a shekara ba lada, kuɗin ya tafi ga kula da tsofaffi da naƙasassu. In ba gayya ba, mene ne sunan wannan? Kusa da mu kuma, a birnin Kano, akwai gidan gajiyayyu a unguwar Shahuci, masu hali suna kai abinci da sutura. Kano kuwa ba wanda zai ce ba Hausa ba ce. Tun zamanin Sayyidina Umar ma an ruwaito ya ga wani tsoho, ba Musulmi ba, yana bara, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali.

Ni nawa ra'ayin, a yi. Amma ina tsoron gini, don gini shi ne mai sauƙi. Alhaji guda yana iya aza shi a wata biyu, a yi buki, a ɗauki hoto, bayan shekara uku a taras awaki ke kwana ciki. Abin da ke da wuya shi ne tuwon kowace rana, da mai wanke wa tsohuwar da ba ta iya tashi, da kuɗin likita in zazzaɓi ya zo da damina. Saboda haka ina roƙon kada a sa ɗakunan bayan gari. A sa su tsakiyar unguwa, kusa da masallaci, inda tsoho zai ji kiran salla, yara su shiga su fita, akushin ciyayya ya san hanya. Wanda yake da ɗakinsa kuma yana son ya mutu cikinsa, a bar shi, a kai masa awo, samari su gyara masa rufi kamar yadda aka yi zamanin samariya. Kada a karɓi wanda yake da ɗa mai hali, sai liman da mai unguwa sun kira ɗan sun yi masa magana. Da wannan ina fata dattijonmu zai sauko, gama mutuncin da yake karewa namu ne duka. Ni ma da nake rubutun nan na ajiye alli, ɗiyana biyu suna waje, ban san abin da Allah zai yi ba.

Baƙi suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkinmu, wurin da aka sa cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006, kuma da yawansu da sadaka suke zuwa a hannu. In masu kula da wurin sun yarda, ana iya aje asusu a can.

Shawarar da kwamiti zai kawo taro na gaba ita ce a fara da kaka. Mai dame ya ba da dame, mai tiya ya ba da tiya, masunta su faɗi abin da za su iya, ƴan ci-rani su aiko ta hannun wakilinsu. Hatsin zakka a rumbu dabam, kuɗin gini a akwati dabam, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'ar farko ta kowane wata, a buga shi cikin wannan takarda. Ba a zaɓi masu riƙe makullai ba tukuna. Ni na ba da sunan mata.